Me Jirgin Zai Ɗauka? Darasin Layin Dogo Daga Baro Zuwa Maraɗi





An nemi in yi magana a kan tsara sufurin jama'a da zuba kuɗi a cikinsa. Fagen yana da faɗi, lokacinmu kuwa kaɗan ne, don haka zan tsaya a kan jirgin ƙasa. Shi ne ya fi cin kuɗi, shi ne bashinsa ya fi daɗewa a wuyan al'umma, kuma ga shi ana shimfiɗa sabon dogo a ƙofar gidanmu, daga Kaduna zuwa Kano, daga Kano zuwa Maraɗi. Maganata guda ce. Duk aikin sufuri da za a yi, tambayar farko ita ce: me zai ɗauka, daga ina zuwa ina, kuma wa zai biya kuɗin kula da shi bayan an watse daga bikin buɗewa? Tsawon layi da kyawun tasha duk suna bayan wannan. Tarihin dogo a ƙasar nan ya amsa wannan tambaya sau da yawa, wani lokaci da riba, wani lokaci da asara.

Yadda dogo ya zo Kano

Turawan mulkin mallaka sun fara shimfiɗa dogo daga Legas, ya kai Ibadan a 1901. A Arewa kuwa, an fara layin Baro zuwa Kano a 1907, zamanin Gwamna Percy Girouard, injiniyan soja wanda ya riga ya yi wa Ingila aikin dogo a Sudan. Dabarar ita ce jirgin ruwa ya hauro kogin Kwara zuwa Baro, jirgin ƙasa ya karɓa daga nan. Da guminmu aka yi aikin, domin yawancin leburorin ta hannun sarakuna aka debo su, aikin tilas. Dogo ya iso Kano a 1911, a 1912 kuma aka haɗe shi da layin Legas a Minna.

Tun daga nan aka fara karatu. Kogin Kwara ba ya ɗaukar manyan jirage sai lokacin cikowa, 'yan watanni a shekara. Da layin Legas ya samu, kaya suka bi ta can, Baro ta koma kufai. Wurin da aka ɗora dukan tsarin a kansa shi ne ya fara mutuwa, saboda mahaɗar da aka dogara da ita ba ta aiki sai 'yan watanni a shekara.

Darasi na biyu ya fi wannan girma. Masu masaƙu na Ingila, ta hannun ƙungiyarsu ta noman auduga, su ne suka fi matsa wa gwamnatinsu a kai dogo Kano. Auduga suke so. Amma masaƙan Kano da marinanta suna sayen auduga da tsada fiye da farashin Bature, manomi kuwa ya san lissafinsa. Ya ga gyaɗa tana biyan haraji, tana gyara gona, kuma in shekara ta yi wuya ana iya cinta. Fataken goro, waɗanda suka saba da hanyar Gwanja, suna da jari, suna da yara a kowane ƙauye, sai suka juya ga sayen gyaɗa. Cikinsu har da Alhassan Ɗantata. Gyaɗar da Najeriya ta fitar waje ba ta kai tan 3,000 ba a 1912, amma a 1913 ta haura tan 19,000. Tashar Kano ta cika ta batse, taragu suka kasa.

Abin lura a nan shi ne, Bature ya shimfiɗa ƙarfe, amma manomi da ɗan kasuwa su ne suka ba jirgin abin ɗauka. Kowane reshe da aka ƙara daga baya, kaya ne suka ja shi. Ƙaramin layin Zariya zuwa Jos don kuza aka yi shi. Layin Fatakwal ya kai Inugu a 1916 don kwal. Reshen Zariya zuwa Gusau da Ƙaura Namoda, wanda aka gama a 1929, da na Kano zuwa Nguru a 1930, don auduga da gyaɗa da fatu da shanu ne. Na ƙarshe shi ne layin Barno, wanda ya kai Maiduguri a 1964 da rancen Bankin Duniya. Jimillar dogon ta kai kilomita 3,505. Garuruwa irin su Funtuwa, Gusau, Kafancan, Malam Madori da Nguru a bakin tasha suka girma. Kaduna kanta, mahaɗar dogo da kogi ce ta sa aka dawo da hedikwatar Arewa can daga Zungeru.

Ba ina yabon mulkin mallaka ba ne. Dogon da suka bari duk teku ya nufa. Babu layin da ya haɗa Sakkwato da Maiduguri, domin ba cinikin da ke tsakaninmu ne ya dame su ba. Amma ba su taɓa shimfiɗa ƙarfe ba tare da lissafin kaya ba. Ko dalar gyaɗa da muke tinƙaho da ita, wadda ake jera buhu kusan 15,000 a guda ɗaya, wani ɓangare na dalilinta shi ne jirgi ya kasa kwashe gyaɗar a kan lokaci. Matsalar wancan zamani kaya sun fi taragu yawa. Ta yau kuwa akasin haka ce.

Yadda jirgin ya durƙushe

An kafa Hukumar Jiragen Ƙasa ta Najeriya a 1955. A 1964 ta ɗauki fasinja sama da miliyan 11 da kaya kusan tan miliyan 3. Shekara goma bayan haka fasinja sun koma miliyan 4 da ɗoriya, kaya kuma sun koma kusan tan miliyan 1. Zuwa 2003 fasinja ba su kai miliyan 2 ba, alhali al'ummar ƙasar ta ninka.

Mutane kan ce rashin kulawa ne da cin hanci. Gaskiya ne, amma akwai abin da ya riga su. Kayan da aka gina dogon dominsu ne suka ɓace. Yaƙin basasa ya tsayar da layin gabas daga 1967 zuwa 1970. Farin farkon shekarun 1970 ya zo, annoba ta faɗa wa gyaɗa a 1975, dala ta ƙare. Kuza ta yi baya, kwal ta yi baya. Kuɗin man fetur suka shigo, gwamnati ta zuba su a kan kwalta, ta kuma sauƙaƙa farashin mai. Tirela tana zuwa ƙofar shagonka ta ɗauka, ta sauke a ƙofar shagon mai saye, jirgi kuwa yana rarrafe a kan tsohon layi mai lanƙwasa da yawa. Ɗan kasuwa ba ya biyan kuɗin gyaran titin da tirelarsa ta farfasa, don haka a lissafinsa mota ta fi araha. A lissafin ƙasa kuwa, ana biyan wannan arahar ta hanyar kwangilar gyaran titi kowace shekara, da rayukan da tankoki da tireloli ke ci.

An yi ta ƙoƙarin farfaɗowa. An kawo Indiyawa su riƙe hukumar daga 1979 zuwa 1982. An ba kamfanin CCECC na Sin kwangilar gyara a 1995. Kowane lokaci ana sayo kawunan jirgi da taragu, a yi biki, bayan 'yan shekaru a koma gidan jiya. Ba a taɓa zama da masu siminti da masu hatsi da masu man fetur an ƙulla da su cewa kayansu za su bi dogo ba.

Sabon layi da abin da ya koya mana

A 2006 gwamnatin Obasanjo ta sa hannu da CCECC a kan sabon layi mai faɗi daga Legas zuwa Kano, a kan dala biliyan 8.3. Kuɗin suka gagara, aka koma yin sa gunduwa-gunduwa. Aka buɗe Abuja zuwa Kaduna, kilomita 186, a watan Yuli 2016. Aka buɗe Legas zuwa Ibadan, kilomita 157, a watan Yuni 2021. Aka ƙaddamar da aikin Kaduna zuwa Kano a watan Yuli 2021.

Duk wanda ya hau jirgin Abuja zuwa Kaduna ya san ya yi wa jama'a amfani, musamman a shekarun da masu garkuwa da mutane suka tare titin. Amma ina so mu dubi abubuwa huɗu.

Na farko, kuɗi. Layin ya ci kimanin dala miliyan 870, miliyan 500 daga ciki rance ne daga bankin Exim na Sin. Bashin da dala ake biya, tikiti kuwa da naira ake saye. Lokacin da aka buɗe layin, dala tana wajen naira 300 a farashin gwamnati. A 2024 ta haura naira 1,500. Ke nan nauyin bashin a aljihunmu ya ninka wajen sau biyar ba tare da an ƙara ko ƙusa ɗaya a dogon ba. Kuma a duniya da wuya jirgin fasinja ya mayar da kuɗin gina shi. A Indiya ribar dakon kaya ce ke tallafa wa tikitin talaka. A Amurka kamfanonin da ke cin riba a dogo masu dakon kaya ne. Mu kuwa mun fara da fasinja, muka bar kaya a kan titi.

Na biyu, mahaɗa. Tsohon layi faɗinsa milimita 1,067 ne, sabo kuma 1,435. Tarago ɗaya ba ya hawa duka biyun. Sabon layin da ya taso daga Legas a Ibadan ya tsaya, wanda ya taso daga Kaduna a Abuja ya tsaya. Tsakanin Ibadan da Abuja babu sabon dogo. Muddin wannan giɓi yana nan, kwantenar da aka sauke a tashar jiragen ruwa ta Apapa ba za ta iso Arewa a kan sabon layi ba.

Na uku, inda aka ajiye tasha. Fasinjan Kaduna sai ya tafi Rigasa, na Abuja sai ya sauka a Idu ko Kubwa, sannan ya fara cinikin tasi. Babu wata bas mai tsari da ke jiran jirgi ta kai mutane cikin gari a kan farashi sananne. Mutum yana lissafin tafiyarsa ne daga ƙofar gidansa zuwa inda za shi, ba daga tasha zuwa tasha ba.

Na huɗu, tsaro. Ranar 28 ga Maris 2022 'yan bindiga suka tarwatsa dogo suka far wa jirgin Kaduna, suka kashe mutane, suka tafi da sama da sittin. Allah ya jiƙan waɗanda suka rasu. Jirgin bai dawo aiki ba sai 5 ga Disamba. Wata takwas babu tikiti, amma bashi bai tsaya ba. Tsaron layi wani ɓangare ne na kuɗin layi, kuma tun ranar zane ya kamata a sa shi a lissafi.

Akwai kuma layin Itakpe zuwa Warri. An fara shi a 1987 domin kai tama masana'antar ƙarfe ta Ajaokuta da ta Aladja. Ba a buɗe shi ba sai 2020, bayan shekara 33, kuma Ajaokuta har yau ba ta narka ƙarfen da aka gina ta dominsa ba. Dogon ya samu, kayan ba su samu ba.

Kano zuwa Maraɗi

Yanzu mu zo gida. An ƙaddamar da aikin Kano zuwa Maraɗi a watan Fabrairu 2021. Tsawonsa kilomita 284, kwangilar tana hannun Mota-Engil na Fotugal a kan kusan dala biliyan 2. Zai bi ta Ɗambatta, Kazaure, Daura, Katsina da Jibiya, da reshe zuwa Dutse. An yi ta surutu cewa me ya kai mu yi wa wata ƙasa dogo. Wanda ya san Katsina da Maraɗi ya san gida ɗaya ne aka raba da iyaka, kuma cinikin da ke tsakaninsu ya girmi Najeriya da Nijar duka. Ni ba na cikin masu cewa kada a yi. Ina cikin masu cewa a faɗa mana me zai ɗauka.

Hujjar masu aikin ita ce Nijar ba ta da teku, kayanta ta Kwatano da Lome suke shigowa, in ga dogo za su koma Legas. Hujja ce mai kyau, amma tana rataye da sharuɗɗa. Sai an gama Kaduna zuwa Kano. Sai an cike giɓin Ibadan zuwa Abuja. Sai fitar da kaya daga tashar Legas ya fi na Kwatano sauƙi a idon Alhazan Maraɗi, waɗanda ba su da dalilin barin hanyar da suka sani sai sun ga riba. Sai kuma iyaka ta zauna a buɗe. An rufe ta daga Agusta 2019 zuwa Disamba 2020, aka sake rufewa bayan juyin mulkin Yuli 2023 har zuwa Maris 2024, yanzu kuma Nijar ta fice daga ECOWAS. Jirgi ba ya bin barauniyar hanya. Ranar da aka rufe iyaka, ya tsaya ke nan.

'Yan uwanmu na Nijar sun riga mu ɗanɗana wannan. Kamfanin Bolloré na Faransa ya shimfiɗa dogo daga Yamai zuwa Doso, kimanin kilomita 140, aka yi bikinsa a farkon 2016. Niyyar ita ce ya haɗu da layin Benin da ya tsaya a Parakou, ya kai teku. Rigimar shari'a ta tsayar da ɓangaren Benin, aka bar layin Doso bai haɗu da komai ba, bai kuma taɓa yin jigilar kasuwanci ba. Gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah.

Abin farin ciki, kayan suna nan. Shanu da tumaki da ake lodi a Maigatari da Mai'aduwa da Jibiya zuwa Kudu, suna kwana da kwanaki a tirela, wasu su mutu a hanya. Albasa, wake, riɗi da aya da ke ratsowa daga Nijar. Hatsin Dawanau. Siminti da taki da man fetur da ke haurowa daga Kudu. Kwantenonin 'yan Kantin Kwari da Singa. Ga tashar tsandauri ta Kaduna da aka buɗe a 2018, ga ta Dala a Zawaciki da aka buɗe a 2023. Waɗannan kaya masu nauyi, masu tafiya mai nisa, su ne abincin jirgi. Amma ba za su hau da kansu ba. Suna bukatar reshen dogo da zai shiga har cikin kasuwa da masana'anta, da wurin lodin dabbobi mai ruwa, da ma'aji, da kwastan na ƙasashen biyu a zaure ɗaya, da jadawalin da ɗan kasuwa zai iya yi wa abokin cinikinsa alkawari a kansa. Ba a fafe gora ranar tafiya. Yanzu da ake zuba ƙasa ake gina gadoji ne lokacin yin waɗannan.

Cikin gari

Wannan tambaya ba ta tsaya a dogo mai nisa ba. A Abuja an kashe sama da dala miliyan 800 a kan jirgin cikin gari, aka buɗe shi a 2018, ya tsaya a 2020, bai dawo ba sai Mayu 2024. Yana zuwa filin jirgin sama da Kubwa. Amma dubban ma'aikatan da ke kwana a Nyanya da Mararraba, waɗanda su ne suka fi cika titi kowace safiya, layin bai bi ta wajensu ba.

Legas ta bi wata hanya. A 1985 aka soke jirgin cikin garin da Gwamna Jakande ya fara, daga nan jihar ta daɗe tana fama. A 2002 ta kafa hukuma guda, LAMATA, mai tsara sufurin birnin duka. Hukumar ta fara da ƙirga masu tafiya, sannan a 2008 ta keɓe wa manyan bas-bas hanyarsu daga Mile 12 zuwa CMS, kilomita 22, a kan kuɗin da bai kai dala miliyan 2 a kowace kilomita ba. Sai bayan shekaru aka zo ga jirgi: layin Marina zuwa Mile 2 a 2023, layin Agbado zuwa Oyingbo a 2024, wanda ya bi filin tsohon dogo. Gwamnoni sun sauya, tsarin bai sauya ba.

A Kano fa? Tun da aka hana acaɓa ɗaukar fasinja a Janairu 2013, Adaidaita Sahu ne ke ɗauke da birni mai miliyoyin mutane, uku-uku, huɗu-huɗu. An gina gadojin sama da na ƙasa a Ƙofar Nasarawa, Gadon Ƙaya, Dangi, Hotoro da sauransu, kuma sun rage cunkoso a mahaɗunsu. Sai dai gada mota take yi wa hidima, mafi yawan Kanawa kuwa ba su da mota. An yi shelar jirgin cikin gari tun 2016. Tun da aka cire tallafin mai ranar 29 ga Mayu 2023, kuɗin zuwa aiki da makaranta ya zama babban nauyi a kowane gida. Titin Zariya, titin Katsina, titin Haɗeja, titin Gwarzo da titin Maiduguri kowannensu zai iya ɗaukar keɓaɓɓiyar hanyar bas, 'yan Adaidaita su riƙa kawo fasinja daga lunguna zuwa tashoshinta. Ga kuma filin tsohon dogo da ya ratsa gari daga Calawa da Sharaɗa ya fita ta hanyar Nguru, ana ta cin gefensa da gine-gine. Kuma tun Maris 2023, da aka gyara tsarin mulki, jihohi suna da ikon yin dogo nasu. Uzurin cewa harkar ta tarayya ce kaɗai ya ƙare.

Shawarwari

Zan taƙaita da abubuwa biyar.

Ɗaya, kafin majalisa ta amince da rancen kowane aikin sufuri, a buga ƙiyasin kaya da fasinja a fili, a bar masana da 'yan kasuwa su tantance shi.

Biyu, a fifita haɗe layukan da ake da su a kan fara sababbi. Cike giɓin Ibadan zuwa Abuja shi ne zai ba Kano zuwa Maraɗi daraja.

Uku, gwamnatocin Kano, Jigawa da Katsina su zauna da shugabannin Dawanau, Kwari, Singa da kasuwannin kara, da takwarorinsu na Maraɗi, a fitar da wuraren da reshen dogo da ma'aji za su kasance, a keɓe filayen tun kafin dillalai su rigaye.

Huɗu, kowane aiki ya zo da kasafin kulawa da na tsaro, da shirin horar da yaranmu gyaran kan jirgi da sigina. Akwai cibiyar koyon fasahar sufuri a Zariya, akwai jami'ar sufuri a Daura. A ɗora musu wannan nauyi.

Biyar, kowane babban birni ya kafa hukuma guda mai tsara sufuri, da doka a bayanta, wadda tsarinta zai wuce wa'adin gwamna ɗaya, kuma a sa direbobi da 'yan Adaidaita a cikin shawara tun farko, domin abincinsu ne ake taɓawa.

Bashin waɗannan ayyuka, ɗaliban da ke zaune a bayan zauren nan ne za su biya shi. Don haka duk ranar da wani jami'i ya zo muku da zanen sabon layi ko sabuwar gada, ku karɓe shi da mutunci, sannan ku nemi ya nuna muku lissafin.